Atisaye da Tsarin Aiki: Yadda Kasuwanci Ke Tsayawa da Ƙafarsa Ranar Matsi

Matsi a harkar kasuwanci yakan zo da abubuwa uku a haɗe: lokaci ya ƙure, abin da za a iya rasawa yana da yawa, bayanin da ke hannu kuma bai cika ba. Gobara ta tashi a rumbun kaya, ko farashi ya karye cikin sa'a guda, ko na'urar biyan kuɗi ta tsaya alhali layi ya kai bakin titi, ko babban mai saye ya ce a sallama masa yanzu ko ya tafi wani wuri. A irin wannan lokaci akasarin mutane suna sa ran basira za ta cece su. Abin da aka gani a masana'antu da bankuna da jiragen sama da asibitoci ya nuna wani abu dabam: wanda matsi ya rutsa da shi yakan koma kan abin da ya saba yi, mai kyau ne ko marar kyau. Don haka ingancin aikinsa a ranar tashin hankali ya dogara da abin da ya nanata a ranakun kwanciyar hankali.

Dalilin haka yana cikin halittar ɗan Adam. Idan mutum ya ji barazana, jikinsa yakan saki sinadaran adrenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, hankali ya tattaru a kan abu guda ya manta da na gefe. Wannan shiri ne mai amfani ga mai gudun tsira, amma yana cutar da mai lissafi. Sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe abubuwa na ɗan lokaci yayin da ake aiki da su kamar ƙaramin faifai ne, abin da zai ɗauka kaɗan ne. Masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya kiyasta a 1956 cewa abu bakwai yake riƙewa, da ɗan ragi ko ƙari, masu bincike na baya kuma suka rage adadin zuwa wajen huɗu. Damuwa tana cin nata rabon a wannan ɗan wuri. Mai shago da ke tunanin bashin da ke kansa yayin da yake lissafin canji ya riga ya ba da rabin wurin ga tsoro, shi ya sa yake kuskure a lissafin da yaro ɗan firamare zai yi daidai. Sian Beilock, wadda ta daɗe tana nazarin yadda gwanaye ke rikicewa a lokacin da ake zuba musu ido, ta nuna wata hanya ta biyu da matsi ke ɓata aiki: gwani ya fara sa ido a kan kowane motsi na abin da hannunsa ya riga ya iya, sai aikin ya sarƙe masa.

Nanata aiki yana magance matsalar farko kai tsaye. Abin da aka yi sau da yawa yakan bar wancan ƙaramin wuri ya koma cikin sabo, inda ba ya bukatar tunani. Ma'aikaciyar banki da ta shekara biyar tana ƙirga kuɗi za ta iya ƙirga bandir tana amsa tambaya, ta kuma ji a yatsunta cewa takarda ɗaya ba ta gaske ba ce. Hankalinta ya sami sarari domin hannunta ya ɗauke masa nauyi. Gary Klein, wanda ya yi nazarin shugabannin 'yan kwana-kwana a Amurka a shekarun 1980, ya tarar cewa a mafi yawan lokuta ba sa jera zaɓi biyu ko uku su auna. Sukan dubi wutar, su gane irinta daga ɗaruruwan da suka gani a baya, matakin da ya dace ya zo musu, su gwada shi a zuci na 'yan daƙiƙoƙi, su aiwatar. Abin da mai kallo ke ɗauka baiwa ce, tarin abubuwan da aka gani aka kuma gyara ne.

Sai dai ba kowace nanatawa ke haifar da ƙwarewa ba. Binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban goge na Turawa a wata makarantar kiɗa ta Balin ya bambanta maimaici kawai da horo mai manufa. Horo mai manufa yana nufar wurin da mutum yake da rauni, yana da mai gyara da zai nuna kuskure nan take, kuma ba shi da daɗi, domin kullum a bakin iyakar iyawa ake yin sa. Mutum zai iya shekara ashirin a kanti yana maimaita kuskure guda, sabo ya mayar masa da kuskuren ɗabi'a. A ranar matsi wannan kuskuren ne zai fara fitowa.

Akwai kuma abin da ƙwarewa kaɗai ba ta iya karewa, wato mantuwa. A ranar 30 ga Oktoba 1935, a filin jirgin sama na Wright da ke jihar Ohayo, sojojin Amurka suna gwada wani sabon jirgin yaƙi mai inji huɗu na kamfanin Boeing, wanda ake kira Model 299. Jirgin ya tashi, ya ɗaga kai sama fiye da kima, ya faɗo ya kama wuta. Matuƙinsa, Manjo Ployer Hill, yana cikin waɗanda suka fi kowa gogewa a rundunar, kuma ya rasu tare da matuƙin gwaji na kamfanin, Leslie Tower. Bincike ya gano cewa jirgin lafiyarsa ƙalau. An manta ne a cire makullin da ke riƙe fikafikan sarrafawa don kada iska ta kaɗa su idan jirgi yana ajiye. Babbar kwangilar ta tafi ga kamfanin Douglas. Amma matuƙan da suka ci gaba da gwada 'yan jiragen Boeing da aka saya ba su ce a ƙara wa kowa horo ba, tun da Hill bai rasa horo ba. Sai suka rubuta ɗan gajeren jerin abubuwan da za a duba kafin tashi, da kafin sauka, da bayan sauka. Jirgin shi ne ya zama B-17, wanda aka ƙera fiye da 12,700 daga baya.

Wannan dabara ta shiga asibiti bayan shekara saba'in. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a duba a ɗakin tiyata, a tsaya sau uku: kafin a sa wa majiyyaci maganin barci, kafin a tsaga, da kafin a fitar da shi. An gwada shi a asibitoci takwas, daga Toronto da Landan zuwa Manila da Ifakara ta Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin likita Atul Gawande. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7. Cikin abubuwan da ke jerin akwai wanda ya fi kama da gaisuwa: kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Hikimarsa ita ce ƙaramar ma'aikaciyar jinya da ta riga ta buɗe baki sau ɗaya a gaban babban likita za ta fi iya magana idan ta ga an doshi kuskure.

Misalin da ya fi nuna darajar atisaye a cikin kamfani shi ne na Morgan Stanley a birnin New York. Kamfanin na hada-hadar hannun jari ne, kuma har zuwa 2001 yana da ofisoshi a hawa fiye da ashirin na hasumiyar kudu ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Shugaban tsaronsa, Rick Rescorla, haifaffen Ingila ne wanda ya yi aikin soja a rundunar Amurka a yaƙin Biyetnam. A ranar 26 ga Fabrairu 1993 an tayar da bam a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ginin, mutum shida suka mutu, kuma ya ga yadda fitar da ma'aikata ya ɗauki sa'o'i cikin hayaƙi da ruɗani. Daga nan ya ɗora wa kowa atisayen ficewa, kusan duk bayan wata uku, ba tare da sanarwa ba. Yana tsaye da agogo a hannu yana auna lokaci. Ya koya musu inda za su taru, da sauka ta matattakala bibbiyu, da cewa na hawa mafi nisa su ne za su fara wucewa. Bai ware manya ba. Dillalin hannun jari da ke tsakiyar ciniki na miliyoyin daloli dole ya ajiye waya ya bi layi, kuma da yawansu sun yi ta ƙorafin ana ɓata musu lokaci.

Ranar 11 ga Satumba 2001, da ƙarfe 8:46 na safe, jirgi ya daki hasumiyar arewa. Sanarwar da aka yi ta lasifika a hasumiyar kudu ta ce ginin lafiya yake, mutane su zauna a ofisoshinsu. Rescorla bai bi ta ba. Ya ɗauki amsa-kuwwarsa ta hannu ya ba da umarnin ficewa, ma'aikata suka miƙe suka kama hanyar da ƙafafunsu suka sani. Ba wanda ya tsaya tambayar ina matattakala take. Lokacin da jirgi na biyu ya daki hasumiyarsu da ƙarfe 9:03, da yawansu sun riga sun yi nisa a sauka, ga shi kuma yana tsaye a matattakala yana rera musu waƙoƙi don su natsu. Fiye da ma'aikata 2,600 na kamfanin suka fita da rai. Mutum 13 suka rasu, cikinsu har da Rescorla, wanda ya koma sama neman waɗanda suka rage, ginin ya rushe da ƙarfe 9:59.

Abin da ya kamata a lura da shi a wannan labari shi ne inda wahalar take. Tsarin ficewa ba shi da wuya, kowane kamfani yana da irinsa a rubuce. Abin da ya yi wuya shi ne shekara takwas na tilasta wa masu muƙami su katse aikin da ke kawo kuɗi saboda haɗarin da ba wanda ke gani. Atisaye kullum asara yake kama da ita har zuwa ranar da aka bukace shi, kuma a nan ne shugabanni da yawa ke gazawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kamfanin Knight Capital ya nuna ɗaya gefen. A 2012 yana cikin manyan masu saye da sayar da hannun jari ta kwamfuta a Amurka. A ƙarshen Yuli 2012 ya sa sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutocinsa takwas, amma ma'aikacin da ya yi aikin ya tsallake ɗaya, kuma babu ƙa'idar da ta ce wani na biyu ya duba bayansa. Safiyar 1 ga Agusta, kafin a buɗe kasuwa, na'urar ta aika saƙonni 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda aka ɗora wa alhakin ɗaukar mataki a kansu. Da aka buɗe kasuwa, tsohuwar manhajar da ke kan ta takwas ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Ma'aikata sun ga abin yana faruwa, amma ba su taɓa gwada yadda za a tsayar da shi ba, kuma ba a fayyace wa ke da ikon kashe na'ura ba. Cikin gaggawa suka cire sabuwar manhajar daga sauran bakwai da ke aiki daidai, abin ya ƙara muni. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 440. Sai da masu zuba jari suka kawo dala miliyan 400 kafin ya tsira daga rushewa, a shekarar da ta biyo kuma ya haɗe da kamfanin Getco. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 12. Ma'aikatan Knight masu ilimi ne ƙwarai. Abin da suka rasa matakai biyu ne: mai dubawa na biyu, da wanda ya san aikinsa ne ya ce a tsaya.

Ikon cewa a tsaya shi ne ginshiƙin tsarin Toyota. A masana'antunta kowane ma'aikaci yana iya jan igiya ko danna maɓalli idan ya ga matsala, shugaban rukuni ya zo nan take, idan ba a warware ba layin ƙira ya tsaya. Ana yin haka kullum a kan ƙananan abubuwa, har warware matsala cikin sauri ya zama sabo, a Toyota da kuma kamfanonin da ke kawo mata kaya. Amfanin wannan ya bayyana ranar 1 ga Fabrairu 1997, lokacin da gobara ta cinye masana'antar Aisin a garin Kariya, wadda ke ƙera wani ɗan bawul na birki da kusan duk motocin Toyota ke amfani da shi. Kayan da ke ajiye na 'yan kwanaki ne kawai, layukan ƙira suka tsaya, aka yi tsammanin makonni za a yi. Aisin ta rarraba zanen bawul ɗin, kamfanoni fiye da 200 suka shiga aikin, wajen sittin daga cikinsu suka ƙera shi da injinan da ba don shi aka yi su ba, har da kamfanin Brother mai keken ɗinki. Kafin mako ya zagayo motoci sun ci gaba da fitowa. Ba wanda ya taɓa yin atisayen wannan gobara. Abin da suka nanata shekara da shekaru shi ne yadda ake raba bayani da yadda ake gyara, kuma shi ya yi aiki a kan matsalar da ba a taɓa gani ba.

Har ƙa'idar ɗabi'a ana iya yi mata atisaye. Kamfanin Johnson & Johnson yana da wata takardar aƙida tun 1943, wadda ta sa haƙƙin masu amfani da kayansa a gaba, na masu hannun jari a ƙarshe. A shekarun 1970 shugaban kamfanin, James Burke, ya riƙa tara manajoji su yi muhawara a kanta: ko a yi aiki da ita ko a cire ta daga bango. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan shan maganin Tylenol da wani ya sa wa guba. Kamfanin ya janye kwalabe miliyan 31 daga kasuwa, abin da ya ci fiye da dala miliyan 100. Jayayya a kan haƙƙin wa ke gaba an riga an yi ta shekaru kafin ranar.

Tsari yana da iyaka, kuma wanda ya ɓoye wannan ya yaudari masu sauraronsa. Lokacin da lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta jerin dubawa na tiyata, binciken da aka wallafa a 2014 a kan asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba a yawan mace-mace. Takarda da aka cika don shugaba ya gani ba ta kare kowa. Haka kuma babu jerin da ya hango komai. Ranar 15 ga Janairu 2009 jirgin US Airways mai lamba 1549 ya yi karo da garken dinya jim kaɗan bayan tashi daga New York, injinansa biyu suka mutu. Jerin matakan da aka tanada don mutuwar inji biyu shafi uku ne, an kuma rubuta shi don jirgin da ke can sama yana da lokaci. Matuƙan suna da ƙasa da minti huɗu. Mataimakin matuƙi, Jeffrey Skiles, ya kama jerin daga farko bai kai ƙarshe ba. Kyaftin Chesley Sullenberger kuwa ya kunna ƙaramin injin wuta na jirgin tun kafin jerin ya iso wurin, ya yanke cewa ba za su kai filin jirgi ba, ya sauka a kogin Hudson. Duk mutum 155 da ke ciki sun tsira. Rabon aiki da salon magana tsakanin matuƙan biyu daga horo suka zo, kuma su ne suka bar wa kyaftin sararin yanke shawarar da ba ta cikin kowace takarda.

Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da na'urar koyon tuƙin jirgi, amma hanyoyin da suka yi aiki a waɗannan wurare ba su da tsada. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa wanda ya ƙulla niyya a siffar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi aiwatarwa a kan wanda ya yi niyyar yin ƙoƙari kawai, domin an riga an yanke shawarar tun hankali yana kwance. Zambar alat na bogi da ta addabi masu shaguna da masu POS a Nijeriya misali ce mai kyau. Mai zambar da matsi yake aiki: yana zuwa lokacin da shago ya cika, yana nuna saƙo a wayarsa, yana cewa mota na jiransa, yana nuna an ci masa mutunci idan aka yi jinkiri. Yaron shago da aka bar wa yanke hukunci a wannan lokaci zai iya jin kunya ya saki kaya. Wanda maigidansa ya kafa wa doka cewa kaya ba sa fita sai an ga kuɗi a cikin asusun shagon, ko wane ne mai sayen, ya kuma gwada shi sau da yawa yana taka rawar mai sayen da ke fushi, yana da amsa a bakinsa, kuma ba shi ne zai ɗauki nauyin ƙin ba, doka ce ta ɗauka. Dole dai maigidan ya tsaya bayan yaron ranar da dokar ta ɓata wa wani babban mutum rai. Idan ya tsawata masa sau ɗaya a gaban mai saye, dokar ta mutu.

Haka abin yake a kan gobara, wadda ta sha cinye manyan kasuwanni, ciki har da ta Sabon Gari a Kano a 2016. Wa ke kashe wuta daga babban layi idan an tashi, ina tukunyar kashe gobara take, wa ya taɓa riƙe ta ya fesa, ina littafin bashi yake kwana, akwai kwafinsa a wani wuri? Tambayoyi ne da ake amsawa cikin rabin sa'a, amma amsar ba ta da amfani sai an tashi an gwada da hannu. Klein ya ba da wata hanya ta gano irin waɗannan tambayoyi kafin a shiga sabon ciniki: a tara waɗanda abin ya shafa, a ce su ɗauka shekara ta wuce kuma cinikin ya rushe, kowa ya rubuta dalili shi kaɗai kafin a fara magana. Wanda ke jin nauyin sukar shirin maigida yakan iya faɗin abin da ke ransa idan aka sa shi a wannan siffa.

Jerin dubawa mai amfani gajere ne, abubuwa biyar zuwa tara a kowace tsayawa, kuma ba ya ɗauke da duk aikin, sai matakan da ake iya mantawa waɗanda mantuwarsu ke da tsada. Ana karanta shi da baki tsakanin mutum biyu a lokaci sananne, kamar buɗe shago, karɓar kaya daga mota, da rufe lissafin yamma. Waɗanda ke yin aikin su ne ke rubuta shi, domin su suka san inda ƙafa ke zamewa. Bayan kowane kuskure ko wanda aka tsallake da ƙyar, ana zama a tambayi abin da aka yi niyya, abin da ya faru, da abin da za a sauya, ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, tun da ma'aikacin da ya san za a hukunta shi ɓoye kuskurensa zai yi. Abin da aka gano a zaman yana shiga jerin, abin da ya daina amfani yana fita, atisaye na gaba kuma a kan sabon jerin ake yin sa.